Kafa Ta Iso, Kaya Na Hanya

Maman Sadiq: Assalamu alaikum. Yau wata uku cif da na ba wani mai shago kafin alƙalami a kan SSD na waje (diskin ajiya mai sauri) mai Thunderbolt 5, wato sabuwar kafar jona kaya a kwamfuta, da kebul ɗinsa. Duk ranar da na kira, amsa ɗaya ce: "Hajiya, kaya na hanya." Saboda wannan kafar fa na sauya laftof, ga shi har yau da tsohon diskina nake kwashe bidiyon biki. Akwai wanda ya ga kayan nan a kasuwa da idonsa?

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, kin sayi kifi a ruwa. Ni ra'ayina bai taɓa sauyawa ba: duk wanda ya ƙara kuɗi a kan kwamfuta saboda sabuwar kafa, alhali abin da zai soka a cikinta bai zo kasuwa ba, asara ya yi. Kafa ba ta aiki ita kaɗai. Rami ne kawai a jikin ƙarfe.

Injiniya: Ban yarda da kalmar asara ba, Yaya. Bakin Thunderbolt 5 shi ne dai bakin USB-C. Duk abin da Hajiya take da shi na Thunderbolt 3 da 4 da USB na yau da kullum zai shiga ya yi aiki. Ba ta rasa komai ba, ƙari ne bai iso ba tukuna. Ta 4 tana ɗaukar gigabit 40 a sakan, ta 5 tana ɗaukar 80, in ana tura hoto zuwa manyan alluna ta kai 120 ta ɓangare ɗaya. Wanda zai riƙe kwamfuta shekara biyar ai da haka ya kamata ya yi lissafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Baban Hanifa: To wace tafiya? Gorar da aka fafe wata uku tana rataye.

Baba Alhaji: Ku bari tsoho ya sa baki. Wannan rigimar na gan ta sau uku da idona, kuma kowane karo sai a ɗauka yau aka fara.

A 1998 Apple ya fito da iMac, ya cire wurin fulofi, ya cire tsofaffin kafofin firinta da na allon rubutu, ya bar USB. Ita USB tun 1996 take, amma kusan ba mai kula ta. Sai da aka tilasta wa mutane sannan masu ƙera firinta da sikana suka farka. Wannan ta goyi bayan Injiniya.

Amma ga kafar FireWire. Mu da muka fara tace fim da kaset ɗin MiniDV da ita muka rayu. Kaset na awa ɗaya sai ka zauna awa ɗaya kana kallonsa yana shiga kwamfuta, ya cinye maka kusan gigabait 13. A lokacin ta fi USB nesa ba kusa ba wurin aikin bidiyo, har muna rantsuwa ba abin da zai ture ta. Yanzu ina take? Akwai diski biyu a durowata masu FireWire 800, cike da ayyukan mutane, in zan buɗe su sai na jera adafta biyu kamar taragon jirgin ƙasa. Wannan kuma ta Baban Hanifa ce. Kyawun abu ba ya ba shi tsawon rai.

Ɗan'auta: Baba, na ukun fa?

Baba Alhaji: Ita kanta Thunderbolt ta farko. A watan Fabrairun 2011 ta fito a jikin MacBook Pro, Intel da Apple suka haɗa hannu, gigabit 10 a sakan, ana ta buga ganga. Mutane suka saya suka zauna. Sai wajen ƙarshen Yuni ma'ajiyar farko ta shiga kasuwa, ta kamfanin Promise, mafi arha dala 999, kuma babu kebul a kwalin. Kebul ɗin kaɗai dala 49. A Amurka ke nan fa, inda ake kai wa mutum kaya ƙofar gida. Watanni huɗu kafar ba ta da aikin da ya wuce a jona mata allo. Saboda haka Hajiya, wata ukunki bai kai ki ga kafa tarihi ba.

Maman Sadiq: Baba ka ƙara min ciwon kai ne kawai, wallahi.

Baban Hanifa: Alhaji ya gama min magana ai.

Injiniya: Bai gama ba. Ka tambayi dalilin jinkirin 2011, za ka ga yanzu ba haka abin yake ba. A lokacin bakin Thunderbolt na Mini DisplayPort ne, ba wanda ke amfani da shi sosai sai Apple. Kebul ɗin yana da ƙwaƙwalwa a kowane kai, shi ya sa tsada. Duk mai son ƙera kaya dole ya sayi ƙwaƙwalwar sarrafawa wurin Intel, ya kai kayansa a gwada a ba shi shaida. Mai ƙera kaya yana cewa sai masu kwamfutar sun yi yawa, mai saye yana cewa sai kaya sun yi yawa, kowa na kallon kowa. Daga 2015 Thunderbolt 3 ta koma bakin USB-C. A 2019 Intel ya miƙa fasahar ga masu tsara USB, a kanta aka gina USB4. Ga Tarayyar Turai ta yi doka, daga ƙarshen Disambar 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a can sai da USB-C, wa'adin laftof kuma Afrilun 2026. Har iPhone ta bar tsohuwar kafarta ta Lightning a 2023. Wannan bakin ba zai bi FireWire kabari ba.

Baban Hanifa: Yawwa, ka kawo kanka inda nake jira. Baki ɗaya ne, ciki kuma daban-daban, nan ne bala'in yake. Da can in kebul bai dace ba, ba zai shiga ba, ka san matsayinka. Yanzu kowanne yana shiga. Ni da nake zaune a benci ni na san abin da nake gani. Mutum zai zo yana kumfar baki wai kafarsa ta lalace, allo ba ya kawo hoto. In duba, kebul ɗin caji ne ya jona, wanda cikinsa USB 2.0 ne, megabit 480 a sakan, gudun shekarar 2000. Ita kanta iPhone 15 ƙarama bakinta USB-C ne amma gudunta ke nan, sai Pro ce ke kai gigabit 10, ita ma in ka sayi wani kebul ɗin daban. Ka tara kebul goma a tire, duk kamarsu ɗaya, wani watt 60 yake ɗauka, wani 100, wani 240, wani yana kai hoto, wani ba ya kaiwa. Mai talla ya ce maka "orijina ne". Orijinan me?

Ɗan'auta: Gaskiya wannan ta taɓa ci na. Na ɗauka duk Type-C ɗaya ne, na je gabatar da aiki a aji majigi ya ƙi kamawa.

Injiniya: Wannan matsalar gaskiya ce, ban musa ba. A farkon zuwan USB-C har wani injiniyan Google, Benson Leung, ya riƙa sayen kebul yana gwadawa yana tona asirin marasa kyau, a 2016 wani ya ƙona masa kwamfuta saboda an haɗa wayoyin ciki a juye. Amma Yaya, hujjarka ta koma kanka. Tambarin Thunderbolt, wannan alamar walƙiya da lamba a kan kebul, shi ne maganin ruɗanin, domin ba a ba da shi sai an gwada. Tsadar da jinkirin kuɗin gwajin ne.

Baban Hanifa: Tambari? A garin da ake buga tambarin komai? Na ga alamar walƙiya a kan kebul ɗin da ko fitila ba zan yarda in caja da shi ba.

Na Maraɗi: Salamu alaikum, ku ba ɗan kasuwa dama ya kare 'yan uwansa. Hajiya, ban san mai shagonki ba, amma na san abin da ya sa yake miki kwana-kwana. Mu abin da ke juyawa muke ɗaukowa. In na zuba jarina a caja da fulas da adaftar HDMI, kafin wata sun ƙare na sake oda. In na ɗauko SSD na Thunderbolt 5 guda biyar, mutum nawa ne a garin nan ke da kwamfutar da za ta ci moriyarsa? Zai kwana a gilashi wata shida, kafin nan sabo ya fito a Shenzhen da rahusa, ni kuma na saya da tsohon farashi. Saboda haka ba ma ajiyewa, sai an biya mu yi oda. Shi wakilinmu na can ba zai tura kwali ɗaya shi kaɗai ba, sai kaya sun taru. In ya ce miki suna hanya, mai yiwuwa hanyar ba ta fara ba.

Maman Sadiq: To ai da sai ya faɗa min haka tun farko, Alhaji.

Na Maraɗi: Da ya faɗa da ba ki biya ba, ranki ya daɗe.

Baba Alhaji: Gaskiya ɗaci gare ta. Ni tambaya gare ni, Hajiya. Bidiyon nan daga ina kike kwaso shi?

Maman Sadiq: Daga katin kyamara, SD. Biki ɗaya, kamu da ɗaurin aure da dina, yakan kai gigabait 100, wani lokaci ya wuce.

Baba Alhaji: Wane irin kati? Duba bayansa, layin ƙarfe ɗaya ne ko biyu?

Maman Sadiq: Ɗaya.

Baba Alhaji: To UHS-I ne, iyakarsa a ƙa'ida megabait 104 a sakan. Gigabait 100 ɗinki zai ci kamar minti 16 ko da kafar kwamfutarki ta fi walƙiya. Ko mai layi biyu kika saya, 312 ne iyakarsa. Kin faɗaɗa ƙofar gida, amma kayan ta lungu suke shigowa.

Baban Hanifa: Allahu akbar. Abin da nake ta faɗa ke nan da dogon Turanci.

Injiniya: A'a, Baba ya yi gaskiya a kan kwashewa daga kati, amma ba shi ne duk aikin ba. Hajiya a kan diskin waje take tace aiki, kuma tana kwafe wa ango da amarya, tana ajiye madadin. A nan lissafin ya bambanta. SSD mai gigabit 10 yana ba da kamar megabait 1000 a sakan (bait ɗaya bit takwas ne), gigabait 100 a minti ɗaya da sakan 40. Na Thunderbolt 4 yana kai wajen 3000, sakan 35 ke nan. Na 5 yana kai wajen 6000, ƙasa da sakan 20.

Baban Hanifa: Na gode da ka yi lissafin da bakinka. Tsakanin na 4 da ake samu yau da na 5 da ake jira, sakan 15 zuwa 20 ne. Saboda sakan 20 Hajiya ta yi jiran gawon shanu wata uku. Kuma angon da za ta kwafe wa, fulas zai kawo na ɗari biyar ɗin da, wanda zai kwashe minti 40 yana numfashi.

Injiniya: Yau sakan 20 ne. In ta koma ɗaukar 8K, ko kyamara uku a lokaci ɗaya, ko ta jona manyan alluna biyu da diski duk ta kebul ɗaya, za ka ga amfanin. Haka aka yi ta dariya a 2016 da MacBook Pro ya zo da USB-C zalla. Ihu ya yi yawa har Apple ya rage kuɗin adafta, ta dala 19 ta koma 9. Yanzu wa ke dariya?

Baba Alhaji: Ka ƙarasa labarin dai, ɗana. A 2021 sun dawo da HDMI da wurin katin SD da cajar maganaɗisu. Shekara biyar mutane na yawo da jakar adafta kafin kamfani ya sauko.

Injiniya: Sun dawo da su, amma ba su cire USB-C ba.

Baban Hanifa: Ni ban ce kafar ba za ta yi amfani ba. Cewa na yi wanda ya riga kowa shi ke biyan kuɗin makarantar kowa. Bayan shekara biyu kayan za su cika kasuwar Farm Centre ta Kano, na hannu ma za su zo, a saya rabin kuɗi. Ka bar masu dala su gwada mana.

Injiniya: In kowa ya bi shawararka, kayan ba za su taɓa zuwa ba, balle su yi arha. Arhar da kake jira irin su Hajiya ne ke sayo maka ita.

Maman Sadiq: Wato ni ce sadakar. Madalla.

Ɗan'auta: Anti, ni dai abin da na fahimta, laftof ɗin ba laifi, odar ce matsala.

Baban Hanifa: Laftof ɗin ma da ta tambaye ni da ta ɗauki ta bara, ragowar kuɗin ta sayi kati mai layi biyu da makarancinsa. Shi ne zai rage mata minti goma a kowane biki.

Na Maraɗi: Hajiya, in za ki ji tawa, ki je gobe da kanki, kada ki kira. Ki ce ya nuna miki lambar bin sawun kaya. In babu, ki ce ya juya kuɗin zuwa akwatin SSD na USB4 ko Thunderbolt 4, waɗannan ana samu a Legas cikin kwana uku. Kuma ki jona ki gwada gudun a gabansa da kebul ɗin da zai ba ki, kafin ki fita shagon.

Injiniya: Ni da ni ne zan ƙara masa sati biyu.

Maman Sadiq: Injiniya, ranar Asabar ina da biki biyu. Yanzu ma na sake kiransa muna cikin maganar nan. Ya ce jirgi ya sauka, kayan suna wurin kwastan. Baban Hanifa, katin mai layi biyu nawa yake yanzu a wurinku?