Shafin ƙi-jiƙa ko kore-ruwa? A taya ni zaɓe

Jama'a ina neman Hausar hydrophobic coating, wato shafin nan siriri da ake yi wa ƙarfe don kada ruwa ya kwanta masa. Ɗalibaina nake son yi wa bayani, na gaji da cakuɗa musu Turanci.

Ku ɗaga murfin tukunyar da ke tafasa ku duba cikinsa. Tururi ya taɓa ƙarfe mai sanyi ya koma ruwa, zufa kenan. A tashar lantarki mai aiki da tururi irin ta Egbin a Legas haka abin yake, sai dai bututai ne birjik ruwan sanyi na bi ta cikinsu, tururin da ya gama juya injin yana yin zufa a bayansu. To matsalar ita ce idan zufar ta shimfiɗu ta lulluɓe bututun sai ta zame masa bargo, zafi ya riƙa wucewa da ƙyar, amma in ta tsaya ɗigo-ɗigo tana gangarewa, kullum akwai fili a jikin ƙarfen da sabon tururi zai sauka, zafin da ke wucewa kan ninka sau da yawa. Tun 1930 wani masanin kimiyya mai suna Schmidt da abokan aikinsa suka nuna haka. Abin da ya hana ruwa gudu har yau, shafin in ya yi kauri shi ma bargo ne, in ya yi siriri kuma bai daɗewa ya ɓare.

Wani abokina ya ce mu fassara kai tsaye, mai tsoron ruwa. Haba malam, ai wannan alamar ciwon haukan kare ce, kar mu rikita likitoci.

Wata 'yar'uwa ta kawo kore-ruwa. Ya yi daɗin faɗa gaskiya, amma ba korar ruwan ake ba, nemansa ma ake, so ake ya taru ya dunƙule ya faɗi da wuri wani ya zo. Dattijon unguwarmu kuwa cewa ya yi shafin gwaza, kuma wallahi ya burge ni, duk wanda ya taɓa ganin ruwan sama a kan ganyen gwaza yana mirginawa kamar dutsen ado ya san abin da ake nufi. Sai dai yaran birni nawa ne suka taɓa ganin ganyen?

Ni dai na tsaya kan ƙi-jiƙa. Ginin kalmar namu ne, kamar ƙi-bugu, kuma ta faɗi ainihin abin, ruwa na kai amma jikin bai jiƙa ba. Sai mu ce zufar shimfiɗa da zufar ɗigo don bambanta kala biyun.

Saura wanda ɗigon ke tsayawa a kai kusan kamar ƙwallo, kusurwar da gefen ɗigon ke yi da jikin ƙarfen ta haura digiri 150. Sarkin ƙi-jiƙa? Ko nan ne za mu ba dattijo gwazarsa?