Mun tashi daga aiki, aikin bai tashi daga kanmu ba

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan jinya. Shekarata 11 a ɗakin yara, aikin dare ba baƙona ba ne. Abin da ke cinye ni sai na dawo gida. Da na kwanta zuciya za ta fara: na duba ƙarin ruwan yaron gado na shida kuwa? Allurar ƙarfe biyu fa, na rubuta? Har azahar idona biyu. Wa ya taɓa shiga wannan hali?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam Anti. Nawa ya wuce rashin barci. Ran nan wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana kuka, ni kuwa agogo nake kallo, ko gezau. Na tsorata da kaina. Ashe bushewar zuciyar nan tana cikin alamomi uku na matsananciyar gajiyar aiki, wato burnout, da masaniyar halayyar ɗan Adam Christina Maslach ta lissafa, tare da ƙarewar ƙarfi da jin ba ka tsinana komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana burnout a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa.

Sista Ummi: Yaya, ni wani likitan halayyar ɗan Adam ya bi da ni ta hanyar Farfesa Adrian Wells na Jami'ar Manchesta. Bai tsaya kan abin da nake tunani ba, tambayarsa ita ce me ya sa nake ganin dole sai na bi tunanin. Na ce in ban tuhumi kaina ba zan yi sakaci da ran mutum. Ya ce, to tuhumar da kike yi a kan katifa ta taɓa gyara ƙarin ruwan wani? Na yi shiru, hawaye kawai.

Ya sa na ware wa damuwa minti 15 bayan la'asar. Duk damuwar da ta zo kafin nan in ce mata sai anjima, ba kora ba, ba musu. Sai atisayen hankali na minti 12: ƙarar fanka, kukan kaji, babur a titi, ina mai da kunnena daga wannan zuwa wancan. Sati uku kafin na ga canji.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, na gwada, barci ya dawo, Alhamdulillah. Amma jiya mu biyu muka kwana muna kula da gadaje 38. Wannan kam ba atisaye zai gyara shi ba, sai an ƙaro hannu.

Maman Hanif: Allah ya saka. Ummi, gobe nake fita daga dare. In la'asar ta same ni ina barci, in mai da minti 15 ɗin bayan magariba?