Ɗakin halwa a dajin Epe: abin da aka tsayar a zaman Agege

Ranar Lahadi bayan la'asar muka zauna a unguwar Agege da ke Legas kan maganar wani ɗan'uwa da ya sayi fili a gefen garin Epe na jihar Legas, yana son ɗan ɗakin katako na halwa da zikiri.

Maganar ruwa ce ta cinye zaman. Wani tsohon kafinta ya ce, "Alhaji, nan fa ba Kano ba ce. Ka ɗora katako a ƙasa, damina biyu gara da danshi sun gama da shi." Shawararsa a ɗaga ɗakin bisa ginshiƙai kamar ƙafa 3, yadda mutanen Makoko, unguwar kan ruwa a Legas, ke ɗaga nasu, a sa katakon iroko tunda gara ba ta cika cinsa ba. Bango kuwa gora ta isa. Rufi ya zarce bango sosai, don ruwan watan Yuni a kwance yake zuwa. Ya kuma ja kunne kan kwano mai arha, iskar teku ba ta barinsa sai ya yi tsatsa.

Tagogi su kalli kudu maso yamma inda iska ke fitowa, da raga saboda sauro. A auna alƙibla kafin a kafa tushe.

Janareta kam kowa ya ƙi, har ni: wa zai natsu cikin wannan ƙara? Sola ta wadatar, sai indararo da tanki don alwala. Bishiya kuma ba a sarewa sai wadda ta tsaya a wurin ginin.

An tashi ba a daidaita kan masai ba, saboda ruwan ƙasa a can kusa yake.