Wai zaƙi ne ke kawo tsutsar ciki?

Goggo Hadiza: Salamu alaikum 'yan gida. Ku ja wa 'ya'yanku kunne kan alawa. Jikan maƙwabciyata nan Birni ya yi kashin tsutsa jiya, doguwa kamar taliya. Yaron kullum bakinsa cikin sukari. Zaƙi ke haifar da tsutsa, tun kakanninmu an san haka.

Isufu: Wa alaikumus salam Goggo, ina kwana. Allah ya ba shi lafiya. Amma ki yi mini haƙuri, sukari ba ya haihuwa. Wannan doguwar sunanta Askaris, daga ƙwai take fitowa. Macen kan kai santimita 35, kuma a rana guda tana iya zuba ƙwai 200,000 cikin hanjin mutum. Ƙwan ya fita tare da kashi, ya yi 'yan makonni cikin ƙasa ya nuna, sannan ya dawo baki ta hannu mai dauɗa ko kayan garka da ba a wanke ba.

Goggo Hadiza: To ɗan likita, me ya sa sai yara masu shan zaƙi?

Mariyama: Goggo, su ne masu wasa da ƙasa. Alawar ta faɗi, yaro ya ɗauka ya hura ya mayar baki. Sai a ga alawa, ba a ga abin da ya manne mata ba.

Kawu Lawali: Ni duk ban yarda da ku ba. Babu ɗan Adam marar tsutsa, ita ke taya ciki narkar da abinci. Ku bar dura wa yara magani kuna kashe ta.

Isufu: Kai Kawu! Wannan ta fi ta Goggo haɗari. Ba ta narkar da komai, rabon yaron take ci. Ka san hanyar da take bi? Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe a hanji, 'yar tsutsar ta huda ta shiga jini, ta bi ta hanta ta isa huhu, ta hauro maƙogwaro, yaro ya haɗiye ta, sannan ta koma hanji ta girma. Shi ya sa wani ke fara tari kafin a ga komai. In sun yi yawa suna dunƙulewa su toshe hanji, har sai an yi aiki. Akwai kuma mai ƙugiya, ita ko baki ba ta nema, ta fatar ƙafa take shiga wanda ke yawo ba takalmi inda ake bahaya, ta kama hanji tana tsotsar jini. Mai ciki ta yi fari fat, a ce mayu ne.

Mariyama: Kawu, kai fa ka ba mu labarin kurkunu a ƙauyukan Mirya.

Kawu Lawali: Ƙwarai. Da damina sai ka tarar da majiya ƙarfi kwance, gona na jira. Ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, wata ta kai mita guda. Mu a jini muka ɗauke ta, wai gado ce.

Mariyama: Ashe ruwan tabki ne. Wasu ƙananan ƙwari na ruwa ke ɗauke da 'ya'yanta, mutum ya sha, sai bayan kusan shekara ta ɓullo a ƙafa. Ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. Tace ruwa da ƙyalle da haƙa rijiyoyi suka kore ta, har OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da ita. Da gado ce, ƙyalle zai tare ta?

Kawu Lawali: Kurkunu daban, ta ciki daban.

Isufu: Dangi ɗaya ne Kawu, hanyar shigarsu ce ta bambanta.

Goggo Hadiza: Ku dai kun yi lakwal. Ni na ga yaro ya sha zaƙi ciki ya murɗa, ba wanda zai ce mini ƙarya ne.

Isufu: Hana su alawa Goggo, haƙoransu za su gode miki. Amma tsutsa sai wanke hannu da sabulu, da takalmi, da shiga masai. Ki ce wa maƙwabciyar ta kai shi likita, akwai ƙwayar albendazol, su za su faɗi yadda zai sha, kuma a duba sauran yaran gidan.

Goggo Hadiza: Rubuto mini sunan da manyan baƙi in nuna mata. Alawa kuwa ba ta shiga gidana.

Kawu Lawali: Ni ba na shan ƙwayar.