Asusun ƙungiyar 'yan mata ya gagare mu buɗewa

Assalamu alaikum. Ina cikin iyaye mata masu kula da wata ƙungiyar 'yan mata a unguwarmu a Kano, 'yan shekara 13 zuwa 17. Suna share lungu ranar tsaftar muhalli, suna haɗa zoɓo da kunun aya su sayar a wajen walimar sauka, ribar kuma a sayi audugar mata da sabulu a raba wa ɗalibai marasa hali.

Ajiyar kuɗin ce ta tsaya mana a wuya. Gudummawa tana shiga asusun ma'ajiyarmu, ta cakuɗe da kuɗin cinikinta na atamfa. Sai a turo dubu biyar ba bayani, ita kanta ta rasa na ƙungiya ne ko na mai biyan bashi. Mace ce mai amana, amma tsegumi ya fara yawa, har wasu sun janye 'ya'yansu.

Mun je banki, suka ce sai da takardar rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. Lauya ya ce doka ba ta yarda yara su zama amintattun ƙungiya ba, wato waɗanda ake yin rajistar da sunansu, kuma sai an buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28. Kuɗin da ya yanka ya fi abin da muke tarawa a shekara. Mun gwada tura hoton rasit a WhatsApp, rabin mutane ba sa turowa. Akwati mai kwaɗo kuma bai yi wa masu taimako daga nesa ba.

Akwai bankin da zai buɗe wa iyaye biyu asusun haɗin gwiwa, wanda kuɗi ba ya fita sai da sa hannunsu duka, ba tare da rajistar ba? Na gode.