Ina ribar bambancin farashi ta tafi a cacar wasanni?

Ɗalibin Tattali ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina nazari ne a kan yadda kasuwanni suke daidaita farashinsu da kansu, kuma na lura cewa masana tattalin arziki suna yawan kafa misali da cacar wasanni, saboda a nan ana sanin gaskiyar kowane farashi da zarar alƙalin wasa ya hura usur ɗin tashi, saɓanin hannun jari wanda ba shi da ranar da za a ce ga ainihin darajarsa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne maganar da ake yi cewa a shekarun baya mutum yana iya zuba kuɗi a kan dukkan sakamakon da wasa zai iya haifarwa, a kamfanoni daban-daban, kuma ya fita da riba ko wane ɓangare ne ya yi nasara, amma yanzu wannan dama ta kusa ɓacewa. Tambayata kashi biyu ce. Ta yaya lissafin yake yiwuwa tun farko, alhali kowane kamfani yana cire kasonsa? Sannan me ya rufe ƙofar: kasuwar ce ta ƙara inganci, wato farashi ya riƙa ɗauke da duk bayanin da ake da shi, kamar yadda masanin tattalin arziki Eugene Fama ya fasalta a 1970, ko kuwa akwai wani dalili na daban? Ina tambaya ne ta fuskar ilimi, kuma zan yi godiya ga duk wanda ya haska mini.

Malam Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da lissafin, domin idan ya zauna sauran bayanin ba zai yi wuya ba. Kowane farashi da kamfani ya rubuta ninki ne na abin da zai biya, kuma idan ka raba 1 da wannan ninki, za ka samu yiwuwar da kamfanin ya ɗora wa sakamakon. A wasan tanis tsakanin 'yan wasa biyu da ƙarfinsu ya zo ɗaya, kamfani yakan ba kowannensu 1.91 maimakon 2.00. Idan ka raba 1 da 1.91 sau biyu ka haɗa, za ka samu 1.047, wato abin ya zarce 1 da kusan kashi 4.7 cikin ɗari, kuma wannan rarar ita ce abincin kamfanin. Saboda haka a cikin kamfani ɗaya ba za ka taɓa samun giɓi ba, wato jimillar ba za ta sauka ƙasa da 1 ba.

Giɓin yana fitowa ne idan kamfanoni biyu suka saɓa a ra'ayi har saɓanin ya fi kasonsu girma. A ɗauka kamfani na farko ya ba ɗan wasa na ɗaya 2.10, na biyu kuma ya ba abokin karawarsa 2.05. Jimillar ta zama 0.964, ƙasa da 1. Mai 1,000 zai sa 494 a kan na farko, 506 a kan na biyu, kuma duk wanda ya ci zai karɓi kusan 1,037. Ribar 37 ke nan ba tare da ya san komai game da tanis ba.

A farkon zuwan caca intanet, wajen ƙarshen shekarun 1990, kowane kamfani yana da ma'aikatansa da suke tsara farashi da hannu, kowa da fahimtarsa, kuma labarin raunin ɗan wasa yana iya isa wani ofis sa'o'i kafin ya isa wani. Abubuwa da dama ne suka taru suka kawar da wannan yanayi. Betfair, kasuwar musayar caca, ta fara aiki a Ingila a shekarar 2000, inda masu caca suke karawa da junansu kai tsaye, kamfanin yana karɓar la'ada kawai, sai aka samu farashi guda a fili wanda kuɗin dubban mutane ne suka haifar da shi, kowa kuma yana iya dubawa. Pinnacle, wanda aka kafa a 1998, ya zaɓi ya rage kasonsa, ya karɓi manyan kuɗi daga ƙwararru, ya riƙa gyara farashinsa bisa inda kuɗinsu ya karkata, har ya zama ma'aunin da sauran suke kallo tare da manyan kamfanonin Asiya. Shafukan kwatanta farashi irin su Oddschecker suka jera ninkin kamfanoni a layi ɗaya, wanda ya amfani mai neman giɓi, amma ya amfani kamfanin da ya yi kuskure shi ma, domin yana ganin ya fita daga sahu nan take.

Babban dalili a ganina shi ne cewa yawancin kamfanoni sun daina tsara farashinsu daga tushe. Suna sayen bayanai da farashi daga dillalai kamar Sportradar da Genius Sports, wasu ma dukkan injin cacarsu na kamfanin Kambi ne, sunan da ke saman shafi ne kawai ya bambanta. Ga kuma haɗewar kamfanoni: Paddy Power da Betfair sun haɗe a 2016, suka koma Flutter daga baya, GVC kuma ta sayi Ladbrokes Coral a 2018 kafin ta sauya suna zuwa Entain. Idan sunaye goma suna shan ruwa daga tushe biyu ko uku, saɓanin da ake nema ba shi da inda zai fito. Masu neman giɓin su ma sun taimaka wajen kashe sana'arsu, domin manhajojin da suke binciko giɓi suna sayar da sanarwa ɗaya ga ɗaruruwan mutane, duk su afka wa farashi ɗaya a lokaci ɗaya, kamfanin ya ga ambaliyar ya sauke ninkin cikin daƙiƙoƙi.

Hajiya Mai Alƙaluma ta amsa:

Malam Lissafi ya yi bayani mai gamsarwa a kan ɓangaren farashi, sai dai ina ganin ba a nan gizo yake saƙa ba, kuma ina jin tsoron ɗalibinmu ya tafi da fahimtar cewa giɓin ya ƙare ne kurum saboda kasuwa ta yi wayo. Duk wanda ya buɗe ɗaya daga cikin manhajojin nan a ranar da ake wasanni da yawa zai ga giɓin kashi 1 ko 2 cikin ɗari suna fitowa suna ɓacewa. Suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da za a bari ya ɗauke su da kuɗi mai kauri.

Kamfanonin da suke neman talakan mai caca, masu yawan talla da kyaututtuka, suna auna kowane asusu. Suna lura da wanda kullum yake samun ninkin da ya fi wanda aka rufe kasuwa da shi kafin a take wasa, da wanda yake sa adadi mara kai irin 494 maimakon 500, da wanda bai damu da manyan gasanni ba sai ƙananan rukunoni da ba kowa ya san su ba, da wanda yake cire kuɗinsa da zarar ya ci. Irin wannan asusu ba a cika rufe shi ba, sai dai a rage masa iyakar abin da zai iya zubawa har ta koma abin da bai taka kara ya karya ba. Dokokin tantance abokin ciniki, waɗanda aka kawo domin yaƙi da halatta kuɗin haram, sun sa buɗe sabon asusu da wani suna ya yi wuya, kuma yin hakan da takardun wani ya saɓa wa sharuɗɗa, yana iya zama laifi ma.

Akwai shaida a rubuce. A 2017 wasu masu bincike uku, Lisandro Kaunitz da Shenjun Zhong da Javier Kreiner, sun gwada wata dabara mai kama da wannan: sun ɗauki matsakaicin farashin kamfanoni da yawa a matsayin gaskiya, suka riƙa zuba kuɗi a duk inda wani kamfani ya ba da ninki sama da shi sosai. Dabarar ta yi riba a gwajin tsofaffin bayanai, ta kuma yi riba da kuɗi na gaske, amma cikin 'yan watanni kamfanonin suka taƙaita asusunsu har suka dakatar da gwajin. Ka ga ke nan farashin bai inganta ba a wurin, ƙofar ce aka rufe wa wanda ya gane kuskuren. A ra'ayina, kiran wannan yanayi ingancin kasuwa ba tare da sharhi ba yabo ne da bai dace ba. A kasuwar hannun jari ba a korar mai saye saboda ya iya lissafi.

Ɗalibin Tattali ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. To idan har giɓin yana nan, kuma mutum bai riga ya shiga jerin waɗanda aka taƙaita ba, shin daidai ne a ce ribar tabbatacciya ce kamar yadda lissafin 494 da 506 ya nuna? Littattafai suna cewa irin wannan ciniki ba shi da haɗari ko kaɗan.

Mai Sa Ido ya amsa:

A takarda ne kawai ba shi da haɗari, ɗan'uwa. Ƙafa biyu ake sa wa cinikin, wato caca ɗaya a kowane kamfani, kuma ba a lokaci ɗaya suke sauka ba. Tsakanin sa ta farko da ta biyu farashi yana iya motsawa, ko kamfani na biyu ya ce abin da zai karɓa bai kai rabin abin da ake buƙata ba, sai mutum ya wayi gari yana riƙe da caca ta zahiri wadda bai yi niyya ba. Kusan kowane kamfani yana da sharaɗin da ya ba shi ikon soke caca idan ya ce farashin kuskure ne bayyananne, kuma giɓin da ya fi girma shi ne ya fi kama da kuskure, don haka mafi daɗin gani shi ne mafi haɗari. Dokokin biya ma suna saɓawa: idan ɗan tanis ya ji rauni ya janye a tsakiyar wasa, wani kamfani yana mayar da kuɗi, wani kuma yana biyan wanda ya wuce zagaye na gaba muddin an kammala zango ɗaya (set) na wasan.

Yi lissafin da kanka. Idan ribar kowane ciniki 15 ce a kan 1,000, kuma aka soke ƙafa ɗaya sannan ɗayar ta faɗi da 500, sai an yi ciniki 34 masu kyau a jere kafin a cike ramin. Ga la'adar kasuwar musaya, wadda idan kashi 5 ce a kan abin da aka ci tana iya cinye giɓin kashi 2 gaba ɗaya, ga kuɗin canji da na tura kuɗi, ga jarin da dole a raba shi a asusu da yawa yana kwance. Sau da yawa kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Malam Lissafi ya amsa:

Na yarda da Hajiya cewa taƙaita asusu ba inganci ba ne, amma ina ganin kasuwa biyu muke magana a kansu. Akwai ta ƙwararru, wato kasuwannin musaya da kamfanonin da suke karɓar manyan kuɗi, inda farashin rufewa na manyan wasanni kamar na Firimiyar Ingila yake kusa ƙwarai da abin da yake faruwa idan aka tara wasanni masu yawa aka auna. Wannan ta cancanci sunan. Akwai kuma ta 'yan nishaɗi, wadda take kwafar ta farko da ɗan jinkiri, kuma ta ga cewa korar mutum ɗaya mai kaifin ido ya fi mata araha a kan ɗaukar ma'aikatan da za su tsare dubban farashi. Yawancin giɓin da ya rage yana tsakanin waɗannan biyu ne.

Ga ɗalibinmu, ina ba da shawarar ya haɗa Fama da abin da masana tattalin arziki Sanford Grossman da Joseph Stiglitz suka nuna a 1980, cewa kasuwa ba za ta taɓa zama cikakkiyar inganci ba, domin da ta zama haka babu wanda zai ɓata kuɗi da lokaci wajen neman bayanin da yake gyara farashi. Dole a bar ɗan abin da zai biya masu gyaran, sai dai masu karɓarsa yanzu ƙungiyoyi ne masu kwamfutoci da jari mai yawa. Shi ya sa giɓi yake sake ɓullowa a duk inda kasuwa take sabuwa. Bayan Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar 1992 da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni, a watan Mayun 2018, kamfanoni sun yi ta gasar jawo abokan ciniki da kyaututtuka da ƙarin ninki a kowace jihar da ta buɗe, kuma masu lissafi sun ci moriyar hakan kafin kasuwar ta taru a hannun kamfanonin FanDuel da DraftKings, tallan ya lafa, taƙaita asusu kuma ya bi sahu. Idan kana neman bayanan da za ka gwada a nazarinka, kwatanta farashin buɗewa da na rufewa a babbar gasa ɗaya da kuma ƙaramin rukuni ɗaya na tsawon kaka guda, ka auna wanne ne ya fi nisa da sakamakon da aka samu a fili.