Neman shawara: takardun NIN na mutane sun taru a kwamfutar shagona

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon buga takardu a bakin kasuwa. Tun Disambar 2020 da aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, mutane ke turo min takardarsu ta WhatsApp, in buga in sa musu a leda. Ban taɓa goge ko ɗaya ba: ga hoto, ga lamba 11, ga adireshi, har da takardun haihuwar yara. Jiya yaron shagona ya ce wani ya zo ba na nan, ya yi masa tayin kuɗi don ya kwafa masa su a filashi. Yaron ya ƙi, Allah ya yi masa albarka. Ni dai ban runtsa ba. Amanar mutane ce. Yaya zan yi?

Wata lauya: Wa alaikumus salam, Malam. Dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ba NIMC, hukumar da ke ba da NIN, kaɗai ta shafa ba, har da irinku masu riƙe bayanan jama'a don sana'a. Ta hana ajiye su bayan an gama aikin da aka karɓe su dominsa. Da sun fita, hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, za ka sanar cikin awa 72.

Mai gyaran kwamfuta: Yallaɓai, goge su yau ɗin nan. Ka zazzage kwandon sharar kwamfutar, ka bi wayar da ake turowa, don can ma suna nan. Sannan ka sa kalmar sirri.

Tsohon mai rajistar layi: Ɗan uwa, ni mai tayin nan ne ya tsaya min a rai. Da lambar wani ake buɗe layi a yi damfara, ko a ci bashi a manhaja, ranar da asiri ya tonu kuma a zo ƙofar bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. A 2024 an bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da irin waɗannan bayanai a kan naira 100. Ka kai rahotonsa wurin 'yan sanda, ka gargaɗi maƙwabtanka masu shaguna, don ba kai kaɗai zai je wa ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na goge su bayan la'asar, na manna takarda a bango cewa muna bugawa muna gogewa a gaban mai ita. Gobe da safe zan tafi ofishin 'yan sanda da yaron, shi ya ga fuskar mutumin.